Zagin da Na Ɗauko wa Mama daga Amurka

Tun da na dawo daga Amurka bakina bai huta ba. A ɗakin malamai na makarantarmu da ke Doka a tambaye ni, a ƙofar coci matan zumunta su tare ni, har mai kayan miya na bakin layinmu a Badarawa sai ya riƙe mini ledar tattasai yana cewa, "Malama Rifkatu, wai da gaske ne can kare ma yana da likitansa?" Da gaske ne. Amma na gaji da ba da labari gutsure-gutsure, kowa ya ɗauki nasa ya ƙara masa gishiri. Ga shi nan ɗungurungum, wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta.

Ba yawon buɗe ido na je ba, aike ne. Yayana Bitrus ya tafi karatu tun ina 'yar sakandare, ya samu aiki ya zauna, ya auri Baturiya mai suna Suzan. Suka haifi ɗa namiji, aka sa masa Dauda, sunan marigayi babanmu. Mama, wadda ke zaune wurin ƙanenmu a Rafin Guza, ba ta taɓa ganin yaron ba sai a hoto, ga shi yanar ido ta fara rufe mata gani. Da yake sunan mijinta ne da shi, ba ta kama sunan, "Maigidan" take ce masa. Da Yaya ya aiko mini da tikiti sai ta kira ni ta ce, "Ki je ki ɗauko mini Maigidan ya yi hutun nan a wurina, tun ina iya bambanta fuskar mutum da bango." Yaya kuwa da aka yi masa maganar a waya cewa ya yi, "Za mu duba," kowa kuma ya san inda irin wannan amsar take zuwa.

Mama ba ta rubutu, don haka muka aro rediyo mai kaset a maƙwabta. Ta kore mu duka daga ɗaki, ta rufe ƙofa, ta yi ta magana ita kaɗai har zaren ya ƙare. Ban ji abin da ta faɗa ba. Ta ƙulle kaset ɗin a ɗankwali ta ce kada a buɗe sai a gaban Maigidan.

Doguwar bas na shiga zuwa Legas. Ba mu bar Kaduna ba wani ya miƙe ya yi mana wa'azi, yana zama wani ya miƙe da maganin da ke warkar da basir, da ciwon haƙori, da rashin haihuwa, duk a kwalba ɗaya. Bayan Jebba taya ta fashe, muka zube a bakin hanya kamar 'yan gudun hijira. A nan wata Bayarabiya mai fataucin goro, wadda Hausarta ta fi tawa daɗi, ta ji inda za ni. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "'Yata, in kin je kada ki taɓa ɗan kowa, ko naki ne. Can yaro ne ke kai uba ƙara." Na yi dariya, a raina ina cewa tsohuwa da ƙarin gishiri.

A ofishin biza, Baturen da ke bayan gilashi ya tambaye ni me zai tabbatar masa zan dawo. Na ce ina da aji cike da yara da mijin da bai iya tuƙa tuwo ba. Bai yi murmushi ba, amma ya buga hatimi.

Jirgi ba ni da abin faɗa a kansa sai biyu. Abincin da aka kawo a ɗan faranti ban gane gabansa ba balle bayansa, sai burodin na ci. Ban-ɗakin kuwa, da na danna maɓallin ruwa ya yi wata ƙara da na tabbata ƙasan jirgin ne ya buɗe. Na fito da zani a hannu ina kiran sunan Yesu, wata ma'aikaciya tana tambayata ko lafiya.

Da muka sauka, kare ne ya kama ni. Kare sosai, da 'yar rigar aiki a jikinsa, ya zo ya zauna a gaban jakata ya ƙi tashi. Wani jami'i ya sa safar hannu ya kwance ƙullin daddawar da Mama ta yi da hannunta. Yana buɗewa ya ja da baya har ya buge tebur, ya tambaye ni ko wani abu ne ya mutu a ciki. Na ce miya ake yi da ita. Suka kwashe daddawa, suka kwashe kilishi, suka jefa a kwandon shara a gaban idona. Kuka da yaji suka bar mini bayan an yi ta shinshinawa ana atishawa. Ni dai hannuna yana kan ɗankwalin Mama, na ƙudura in suka taɓa shi sai dai a mayar da mu tare.

Yaya na jirana a waje, furfura ta cika masa kai, Hausarsa ta yi tauri kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Suzan ta rungume ni, mace mai fara'a, ba zan ci amanarta ba. Sai ga Maigidan na Mama, ɗan shekara goma sha ɗaya, hannu a aljihu. Bai durƙusa ba, bai ko sunkuya ba. Ya ɗaga mini yatsu ya ce, "Sannu, Rifkatu," da Turancinsu na hanci. Na waiwaya bayana in ga wace Rifkatu ce sa'arsa ta biyo ni. Yaya ya ce a hankali, "Haka suke yi a nan, kada ki damu." Na damu.

Gidansu yana wani gari kusa da Shikago. Masaukin da aka ba ni a ƙarƙashin ƙasa yake, sai an sauka matakala, tagarsa daidai da ciyawar waje. Da gado mai laushi da komai, amma a wurinmu wanda aka saukar ƙarƙashin ƙasa ba ya dawowa cin abinci. Abincin ma ɗanyen ganye ne a kwano kamar za a ba zomo, da safe kuma a zuba madara mai sanyi a kan wani abu mai ƙaras-ƙaras. Na ga Yayana, ɗan fari a gidanmu, ya ɗaura ƙyalle a ƙugu yana wanke kwanuka matarsa na karanta jarida. Babu maƙwabcin da ya leƙo yi mini sannu da zuwa. Da na gaji na je na ƙwanƙwasa wa matar gidan da ke kusa da mu don in gaishe ta, sai ta buɗe ƙofa rabi ta tambaye ni ko gobara ce.

Duk wannan wasa ne a kan abin da na gani ranar Lahadi bayan mun taso daga coci. Dauda ya ce zai nuna mini abin da ya fi so a duniya, ya saka kaset a bidiyo. Katun ne. Na gyara zama, don a Kaduna katun abin yara ne, dabbobi suna guje-guje kafin a fara labarai. Sai na ga Yaya da Suzan sun bar abin da suke yi sun zo sun zauna su ma.

Wani iyali ne aka zana, idanu kamar dafaffen ƙwai, uban da tumbi, ga shi malalaci. Ba a yi nisa ba ɗan gidan ya kira ubansa da sunansa tsirara, ya ce masa ƙwaƙwalwarsa ba ta kai ta kaza ba. Na jira a ɗauko bulala. Ba a ɗauko ba. Falon ya ɗauki dariya, Yayana har da buga cinya, mutumin da bai taɓa haɗa ido da babanmu ba har aka binne shi.

Dauda kuwa ba ya bari abin ya tafi. Yana riƙe da abin sarrafa bidiyon, kowane ɗan lokaci sai ya tsayar ya mayar baya. Ya ce wannan na shekarar farko ne, shi ya sa zanen bai gyaru ba, muryar uban ma ba ta zauna ba tukuna. Ya ce in duba rigar uwar, a nan ja ce, tana juyawa ta koma kore, masu zanen ne suka yi kuskure. Ya tsayar a kan allon wani shagon aski da ya gifta kamar ƙiftawar ido, ya ce sunan da ke jiki na malamin firamaren ɗaya daga cikin masu zanen ne, wanda ya sha ba shi horo. Inda uban ya fito daga cikin hayaƙin kicin a hankali, rungume da tukunyar da ta ƙone, ana busa ƙaho, ya ce an kwaikwayi wani tsohon fim ɗin yaƙi ne inda soja ya fito da gawar abokinsa. Suzan ta yi dariya har da hawaye. Ni tukunya kawai na gani.

Sai aka nuna fasto yana gyangyaɗi a kan bagade, yawu na zuba. Ban gama salati irin namu ba aka nuna wani tsoho mai dogon hanci ya saci nama a faranti ya faɗa kwata. Dauda ya tsayar, ya ce, "Kin gane shi? Tsohon shugaban ƙasarmu ne." Na miƙe na saki labule, na ce da Yaya cikin Hausa, "Kashe abin nan kafin a zo! Su waɗanda suka zana shi suna ina yanzu?" Ya ce suna gidajensu, an ma ba su kyauta. Na tuna yadda a gida ko a tasi mutum sai ya duba wanda ke kusa da shi kafin ya ambaci soja, na koma na zauna.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yaron nan ya san sunan malamin wani mai zane da bai taɓa gani ba, ya san fim ɗin da aka yi tun ba a haifi uwarsa ba, amma da na tambaye shi sunan garin kakanninsa sai ya dubi ubansa. Na ce a raina lokacin kaset ɗin Mama ya yi, a ji magana mai tarbiyya ko sau ɗaya a gidan nan.

Aka kawo rediyo, na kwance ɗankwali. Muryar Mama ta cika falon. Ta gaishe da Yaya, ta gaishe da Suzan, ta yi addu'a. Sannan ta gyara murya, Yaya yana fassarawa da murna, kalma bayan kalma.

"Maigidan, mijin banza mijin wofi. Ka ajiye ni a Rafin Guza ko sabulu ba ka aiko mini ba. Na ga hotonka, kai kamar tulu, kunnuwa kamar faifai, ni ban san me na gani na aure ka ba. Rowarka irin ta mai sunanka ce, wanda ya ɓoye ƙwai a hula. In ba ka zo ka kwana a ɗakina bana ba, kotu zan kai ka a raba auren, in auri mai rake na bakin titi."

Ni da Yaya mun kwanta da dariya. Sai da na ɗago na ga fuskar Suzan ta yi fari fat. Ta miƙa hannu ta kashe rediyon. Ta ce, "Bitrus, mahaifiyarka tana kiran ɗana mijinta? Ya kwana a ɗakinta?" Dauda kuma ya rufe kunnuwansa da hannu biyu, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Me na yi mata? Ba ta ma san ni ba." Ya haye sama da gudu. Ashe a makaranta da kunnuwan nan ake tsokanarsa, mu ba mu sani ba.

Yaya ya yi ta bayani, cewa wasan kaka da jika ne, kowace kaka haka take yi, wadda ba ta zagi jikanta ba ita ce ba ta ƙaunarsa. Yana yi yana in'ina, Turancin ya ƙi ɗaukar maganar. Ni kuwa raina ya ɓaci. Na ce mutanen da yanzun nan suka gama yi wa ɗa tafi yana zagin ubansa, su ne za su ga baƙin wasan tsohuwa? Ban faɗa da ƙarfi ba, Allah ya taimake ni. Da na sauka ramina na zauna, sai na tuna yadda na saki labule ɗazu suna kallona kamar mahaukaciya. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Washegari da hantsi ina ninke kaya sai ga Dauda a kan matakala, rungume da rediyon. Ya ce, "Wane ne ya ɓoye ƙwai a hula?" Na ce kakansa ne. Wata Kirsimeti baƙi suka cika gida, ya sayo dafaffen ƙwai ba ya son a raba, ya ɓoye a hula, sai ga fasto ya shigo ya ce a cire huluna a yi addu'a. Yaron ya ƙyalƙyale da dariya har ya zauna a ƙasa. Ya kunna kaset ɗin, ya ce in tsayar da shi duk inda akwai wani abu a ɓoye. Muka bi maganar Mama gaɓa-gaɓa. Wane ne mai rake, me ya sa ba ta faɗin sunansa, mene ne faifai. Da na nuna masa faɗin faifai da hannu sai ya taɓa kunnensa ya ce, "Masu zanen nan ba sa saka sunan wanda ba su damu da shi ba. Ko malamin nan, sai da aka tuna da shi aka saka shi." Na ce to ka gane.

Ya ce, "Yanzu me ya kamata in yi?" Na ce, "Ramawa za ka yi." Ya zaro ido. "An yarda in zagi kakata?" Na ce ita kaɗai a duk duniya, kuma in ya kuskura ya gwada a kaina zai ga abin da ba a nunawa a katun. Ga ni nan, malamar makaranta, wadda jiya ta kusa suma don an zagi uba a talabijin, na zauna ina koya wa yaro yadda zai zagi uwar da ta haife ni. Ya ce in ba shi sirrinta. Na ba shi: giɓin haƙoranta, tsoron kwaɗo da take yi, da yadda take shiga waƙa a zumunta kafin mai ganga ya fara. Kwana da kwanaki yana haddacewa, Yaya na laɓe a bakin matakala yana gyara masa lafazi, har shi ma Hausarsa ta fara sakewa.

Na ɗauka an gama, har na fara tunanin inda yaron zai kwana a Rafin Guza. Ana gobe zan taso Suzan ta same ni a kicin. Ta ce ta fahimta yanzu, ta kuma ba ni haƙuri. Amma ta ce, "Rifkatu, in ya tafi can, ni ba zan san wanne ne wasa wanne ne gaske ba, shi ma ba zai sani ba, kuma ba na kusa. Ba bana ba. Wataƙila baɗi mu zo tare." Na faɗa mata maganar idon Mama. Ta yi kuka, amma ba ta canja ba. Na dubi Yaya, ya dubi kwanukan da ke hannunsa. A filin jirgi Dauda ya ɗan rusuna, a karkace kamar mai ciwon gwiwa, ya ce, "Sai an jima, Goggo." Na shiga jirgi da kuka, ba ruwana da masu kallo.

Daga tasha ban biya Badarawa ba, na wuce Rafin Guza kai tsaye. Tun daga bakin layi na jiyo ƙanshin miyar kaza. Mama ta sa an share tsakar gida, ta ɗaura zanin zumuntarta sabo, maƙwabta sun cika benci. Na fito daga tasi, ta riƙe hannuna, amma fuskarta tana kan ƙofar motar. Ta tsaya tana jira har direba ya rufe but ya ja motarsa. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta ce, "Kin sha hanya, shigo ki sha ruwa." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na ce a aro rediyo. Na saka kaset ɗin da Dauda ya ɗauki muryarsa a ciki ya ba ni. Sai ga 'yar muryarsa, yana jan kowace kalma kamar mai ɗaukar kaya a ka.

"Tsohuwa mai giɓi. Ni ne Maigidan. Ba zan aiko sabulu ba, kwaɗo zan aiko miki. Ki auri mai rake, da wane haƙori za ki sha? Kuma ki daina fara waƙa kafin ganga, kina ba ni kunya."

Benci ya kife da dariya. Mama ta dafe ƙirji, baki buɗe, ta ce, "Ni? Ni yake wa haka?" Ta miƙe ta leƙa ta katanga tana ƙwala wa maƙwabciyarta kira, "Saratu! Bar wankin nan ki zo ki ji, mijina ya zage ni tun daga Amurka!" Aka sake sakawa, aka kuma sakewa, tana ramawa tana nuna rediyon da yatsa kamar yana gabanta.

Da mutane suka watse, kazar tana nan a rufe ba wanda ya taɓa, ta ɗora rediyon a cinya tana shafa shi. Ta ce, "Rifkatu, kunnuwan nan nasa, da gaske sun kai yadda na faɗa? A hoton ban gani sosai ba, cinta na yi."

Na ce sun kai, Mama, irin na Baba ne sak.

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "To ki faɗa wa uwarsa ba komai. In ya zo baɗin, na shafa da hannu."